Ranar Da Ɓawon Ya Ƙi Saki

Litinin, 3 ga Yuli, da hantsi

Si Mundir ya sake dawo mini da ɗan littafin tallar makaranta. Shi ne shugaba, dole ya sami abin gyarawa. Wannan karon ya ja layi a ƙarƙashin taken, Damar Karatu Da Aiki A Harkar Daji, ya rubuta a gefe: a ƙara armashi. Shekara ashirin da ɗoriya na yi a ɗakin labarai a Tunis, yau ga ni a kan tsauni ina ƙara wa gandun daji armashi.

Duk abin da littafin ya ce gaskiya ne. Mai takardar makarantar nan zai iya zama jami'in gandun daji, ko mai kula da barewa a dajin da aka killace, ko mai rainon dashe, ko mai tantance ɓawon itacen fernan a masana'antun da ke yin marfin kwalba a Tabarka. Zai iya. Abin da littafin bai ce ba shi ne bara mun yaye arba'in da ɗaya, gwamnati ta ɗauki uku. Biyu daga cikin sauran suna tuƙa motar haya zuwa Janduba, in na shiga su riƙa ce mini malam. Ɗaya ya hau kwalekwalen roba da wasu zuwa Turai, ba a sake jin sa ba.

Abu ɗaya ne mai nauyi a ciki, a shafin ƙarshe: gurbin karatu guda a Fotugal, shekara biyu, ga ɗalibin da ya fi kowa. Bana tsakanin mutum biyu ne. Akwai Wajdi, wanda ubansa ke da manyan motocin ɗaukar itace da kujerar gaba a kowane biki. Akwai Sirin, 'yar ƙanwata Nabiha, wadda ke zuwa ta ɗaya tun shekarar farko. Ni ba na cikin masu zaɓe.

Laraba, 5 ga Yuli, bayan azahar

Taron malamai. Mutanen Fotugal za su zo su ga makarantar kafin a tsayar da magana a kan gurbin, Si Mundir kuma yana son su tafi da abin tunawa. Aka daɗe ana kawo shawara: rawar gargajiya, baje kolin zuma, waƙar ɗalibai a kan muhalli. Mutane sun karanta ilimin itace har digiri na uku, abin da suka iya tunowa ke nan, zuma.

Da na ga za mu yini a wurin sai na ce baƙin nan 'yan ƙasar ɓawo ne, a nuna musu ɓarar ɓawo. Ga tsofaffin fernan uku a ƙofar makaranta, tun kafin zuwan Faransawa suke tsaye, ɓawonsu ya cika shekarunsa goma sha biyu. A ɓare su a gaban baƙi, kuma mace ta riƙe gatarin. Namiji da gatari ba labari ba ne. Na ƙara da cewa ina da tsohon abokin aiki a gidan talbijin, Hisham, waya ɗaya zan buga masa.

Si Mundir ya maimaita shawarar a hankali da muryarsa har ta zama tasa. Madam Rawda, mai koyar da ɓarar, ta ce ba a sa wa ɓawo rana, ana zuwa ne a tambaye shi, ga shi kuma bana ruwa ya yi ƙaranci. Kowa ya gyaɗa kai, aka wuce batu na gaba.

Hisham ya ce Alhamis ta sama kaɗai suke da mota. Alhamis ke nan.

Mata huɗu ne a ajin ƙarshe. Kowa ya san wadda ta iya gatari.

Juma'a, 7 ga Yuli, da yamma

Kuskus a gidan Nabiha. Ta riga ta sayi yadin ulu za ta ɗinka wa Sirin rigar sanyi, wai an ce mata Turai akwai sanyi. Matar da dusar ƙanƙara ke toshe wa ƙofa duk Janairu. Na gaya mata Fotugal ta fi nan ɗumi. Ta ce dama ni na san komai, shi ya sa na ƙare a nan.

Sirin ta shigo hannuwanta baƙi ƙirin da ruwan itace. Na ba ta labarin Alhamis, ina jiran godiya. Sai da ta yi loma biyu tukuna.

"Idan ya saki, Kawu."

"Idan bai saki ba fa?"

"Sai in saɓa gatarina in tafi. Ko wa ke kallo."

Ta yi mini bayanin abin da ni na rubuta a shafi na tara na littafin tallar. Sara ɗaya ake yi a tsaga, a murɗa gatarin, a saurara. In ruwa yana gudana a jikin itacen, ɓawon zai ɗaga da ƙara kamar ta tsohuwar ƙofa. In ya yi shiru ya manne, an bar shi sai baɗi, domin a ƙarƙashinsa akwai fata mai rai da suke kira uwa, ita ke fitar da sabon ɓawo, in ta yage ba ta dawowa. Ranar shehili kuwa, iskar nan mai zafi ta hamada, ko ya saki ba a taɓa shi, don iskar za ta gasa uwar tana tsirara.

Na ce mata a gaban kyamara ba a saɓa gatari a tafi. Wasa nake yi. Nabiha ta yi dariya.

Litinin, 10 ga Yuli, da safe

Amm Bujuma, shugaban 'yan ɓara na yankin, ya zo a gwada masa inda zai tsaya. Sabuwar jar hula, an rage gashin baki. Marubutan birni suna son irinsa, tsohon daji mai hikima. Da ma su zo su gan shi. Abin da ya tambaye ni kawai shi ne wane gefen fuskarsa ya fi kyau, da ko za a rubuta sunansa a ƙasan hoto. Na ce za a rubuta. Ya ce in kula da harafin ƙarshe, a katin zaɓe sun ɓata masa shi.

Talata, 11 ga Yuli, da rana

Rediyo ta ce shehili na tafe daga kudu. Rediyo tana faɗin abubuwa da yawa.

Laraba, 12 ga Yuli, bayan la'asar

Madam Rawda ta shiga wajen Si Mundir ta nemi a ɗaga, ko a nuna wa baƙi gandun dashe a madadin. Shi, yadda ya saba, ya nemi wanda zai jingina da shi. Aka kira ni. Aka tambaye ni ko masu talbijin za su iya dawowa wata rana. Na faɗi abin da na sani game da masu talbijin. Ba a tambaye ni game da itace ba, kuma ni ban taɓa riƙe gatari ba.

Madam Rawda ta ce to a bar wa yarinyar hukunci gobe, yadda al'ada take: mai gatari ke cewa e ko a'a. Kowa ya ji daɗin wannan. Mutum uku manya a ofis mai fanka, mun sami wanda zai yanke mana shawara, 'yar shekara ashirin da biyu.

Alhamis, 13 ga Yuli, bayan magariba

An yi. Baƙi sun tafi. Hisham ya ce hoto ya fito.

Juma'a, 14 ga Yuli, da hantsi

Zan rubuta shi yadda ake rubuta rahoto.

Iskar ta taso tun kafin a gama jera kujeru, busasshiya, mai zafi kamar ta bakin tanderun burodi. Si Mundir ya karanta jawabin da na rubuta masa, ya tsallake sakin layin da ya fi kyau. Wajdi yana tsaye a teburin zuma da farar riga. Amm Bujuma yana matsowa kusa da kyamara kaɗan-kaɗan. Madam Rawda tana can gefen hagu, ta naɗe hannuwa.

Sirin ta je wajen bishiyar tsakiya, babbar. Ta sara, ta murɗa, ta kara kunne. Ko ni da nake bayan mai kyamara na ji cewa ba a ji komai ba. Ta zagaya ta gwada wani wurin. Shiru. Ta zare gatarin, ta fara ɗaga shi zuwa kafaɗa.

Sai ta kalli wajen da mutane suke tsaye. Mutane da yawa ne a tsaye a wajen.

Daga nan ta koma, ta cusa ƙotar gatarin a tsagar, ta danna da dukan jikinta. Ɓawon ya fito, ba falle guda ba kamar a hoton littafina, gutsi-gutsi, kowane gutsure da wani abu ja mai danshi manne a bayansa. Aka yi tafi. Mutanen Amm Bujuma da suka ji tafi suka far wa sauran biyun. Baƙi ba su tafa ba.

Wajen cin abinci, shugabar baƙin, wata dattijuwa mai gajeren gashi wadda ta ce kakanta ɗan ɓara ne, ta zo ta tsaya kusa da ni da farantinta. Ta tambaye ni da Faransanci, ba tare da ta ɗaga murya ba, me na ce wa yarinyar. Na ce ban ce mata komai ba. Gaskiya ne. Ta dube ni, ta ce gasasshen barkonon ya yi daɗi, ta koma wurinta.

Ban je kuskus yau ba. Aiki.

Lahadi, 16 ga Yuli, bayan isha

An nuna shirin. Bai kai minti guda ba, tsakanin farashin tumatir da wasan ƙwallo. Nabiha ta tara maƙwabta, ta bugo mini waya ina jin guɗa a bayanta. Ta ce Sirin tana ɗaki, wai kanta ke ciwo. An rubuta sunan Amm Bujuma daidai.

Talata, 18 ga Yuli, da safe

Jikin fernan da aka ɓare da kyau launin zuma yake yi, daga baya ya koma ja. Na ta tsakiya ya yi baƙi-baƙi a wurare, ya tsattsage, akwai inda farin katako ke leƙowa. Sauran biyun da sauƙi, amma ba sosai ba.

Abin kallo shi ne yadda malamai ke shigowa ƙofa. Kowa waya ta kama shi daidai nan. Masana itace goma sha wani abu, ba wanda ya ga itace uku a ƙofarsa.

Alhamis, 20 ga Yuli, bayan azahar

Mutanen Fotugal sun aiko da saƙo mai ladabi, irin ladabin da ke sa mutum gumi. Sun gode da tarba. Gurbin yana nan. Sai dai suna son makaranta ta bincika abin da suka gani, kuma ta turo musu ɗalibin da za a iya sakar wa daji.

Si Mundir ya tuna cewa tun farko hankalinsa bai kwanta ba. Amm Bujuma yana zaune a shagon kofi yana ba da labarin yadda ya yi gargaɗi har muryarsa ta dushe, 'yan boko suka ƙi ji. An kafa kwamiti. Madam Rawda ce shugaba, da malamai biyu da aka zaɓa saboda ba su taɓa samun ra'ayi ba. Ana bukatar sakataren da ya iya rubutu. A makarantar nan mutum ɗaya ne.

Tambayar da aka ba kwamiti ita ce ko ɗalibar ta bi ƙa'idar aiki. Ita kaɗai. Na karanta tambayoyi da yawa da aka ɗinka daidai wuyan mutum, wannan ɗinkin bai yi muni ba.

Asabar, 22 ga Yuli, da rana

Jiya ma ban je ba.

Litinin, 24 ga Yuli, da hantsi

Nabiha ta zo ofis da kwandon cefane, ta ajiye shi a kan takarduna. Ba ta zauna ba. Ta ce a kasuwa ta ji, wajen mai kifi, cewa za a ba ɗan mai motoci gurbin. Ta ce yarinyar ba ta cin abinci, ba ta magana, da asuba take fita da bokiti ta dawo da taɓo har gwiwar hannu.

"Kai ka sa ta riƙe gatarin nan, Lutfi. A gidana ka faɗa, a kan kuskus ɗina."

Na yi mata bayani. In na ce ni na kawo shawarar, ni na sa ranar, za a ce kawu ya shirya wa 'yar ƙanwarsa biki don ta ci gurbi, a haɗa mata laifi biyu maimakon ɗaya. Shiruna kariya ne gare ta. Na jera mata shi tsaf, da kaina na ji ya tsaru.

Ta saurara har na gama. Ta ce tun muna yara in na fasa tulu sai in yi wa Inna bayani har ta ba ni haƙuri. Ta ɗauki kwandonta. Ganyen na'ana'a ya zuba a kan shafi na tara.

Mutanen garin nan suna ganin magana kamar dutse ce, a ɗauka a jefa. Ba su san ana auna ta ba.

Talata, 25 ga Yuli, bayan la'asar

Duk wanda ya yi aiki da masu kyamara ya san akwai alamar da ake yi da hannu, a juya yatsa a iska: ci gaba, ana ɗauka. Ba umarni ba ne. Bayan shekara ashirin hannu yana yin ta da kansa, kamar korar ƙuda. Ba kuma wanda zai iya rantsewa ga wa aka yi ta, a wurin da mai kyamara ke tsaye.

Ni ban taɓa riƙe gatari ba.

Laraba, 26 ga Yuli, da yamma

Hisham ya bugo. Manyansa sun ji daɗin yarinya mai gatari, sun tambayi wa ya kawo labarin. Wataƙila a sami tebur a sashen shirye-shirye a Satumba. Ya ce in dai zauna lafiya zuwa lokacin, kada sunana ya fito a wata hayaniya, na san yadda suke. Har yanzu yana ce mini maigida, da muryar da ake yi wa tsohon direba.

Na tsaya a taga bayan mun gama. Daga nan ana ganin kan ta tsakiya. Ganyen ɓangaren kudu ya koma launin ƙasa.

Juma'a, 28 ga Yuli, da safe

Madam Rawda ta tare ni a baranda. Ta rame. Ta ce Talata za a zauna. Ta ce ita a gefen hagu take ranar, daga nan ana ganin bayan kyamara sosai. Na ce lallai ta sami wuri mai kyau, tunda daga nan ana ganin itacen ma, kuma ita ce malamar ɓara. Ta karɓi wannan ba ta musa ba. Ta ce ita ma za ta faɗi nata a rubuta, cewa tana tsaye ba ta buɗe baki ba.

"Amma shugabar kwamiti ba ta ba da shaida a kan wani, Si Lutfi. Zan tambaye ka a gaban kowa. Sau ɗaya."

Masu tsarkin zuciya. Ta yi shiru lokacin da kalma ɗaya daga bakinta za ta tsayar da komai, yanzu tana rabon jarrabawa.

Lahadi, 30 ga Yuli, bayan azahar

Na hango Sirin a kasuwa, wajen masu zaitun. Na shiga shagon aski. Ba na bukatar aski.

Litinin, 31 ga Yuli, da yamma

A duba shi a natse. In na yi magana, ɓawon ba zai koma jikin itacen ba. Ƙa'ida ta ce mai gatari ke da hukunci, kuma gatarin ba a hannuna yake ba. Si Mundir zai sami kai biyu a maimakon ɗaya, ya gode. Mutanen Fotugal suna son wanda ba ya jin maganar kowa a gaban itace. Yarinyar da kawunta ya juya wa yatsa ta bi ba ita ce wannan ba. Wato maganata ba za ta cece ta ba.

Mai yiwuwa ta cece ta. Dattijuwar nan ta tambaya, ai ba don nishaɗi ta tambaya ba. Wanda aka matsa wa daban yake da wanda bai sani ba.

Na karanta isassun littattafai da zan iya kare kowanne daga cikin biyun har gari ya waye.

Talata, 1 ga Agusta, bayan la'asar

A ɗakin karatu aka zauna, ƙarƙashin kan barewar da asu ya cinye. Amm Bujuma ya fara, da tsohuwar hula wannan karon. Ya yi gargaɗi, ya yi gargaɗi. Madam Rawda ta tambaye shi to me ya sa mutanensa suka ɓare sauran biyun. Ya ce sun ga 'yar makaranta ta fara, su wa ne su da za su fi makaranta sani. Na rubuta.

Si Mundir ya ce shi mai gudanarwa ne, harkar fasaha ya bar wa masu fasaha. Na rubuta. Madam Rawda ta faɗi nata yadda ta yi alkawari, malaman biyu suna kallon silin.

Sirin ta shigo da rigar aiki. Ba ta kalli ƙarshen teburin ba, inda sakatare yake. Aka tambaye ta ko ɓawon ya saki. Ta ce bai saki ba. Ko ta san ana shehili. Ta sani. Ko ta san ƙa'ida. Ta karanto ta, kalma-kalma. Madam Rawda ta ajiye alƙalami ta ce mata, 'yata, ki yi tunani kafin ki amsa: akwai wanda ya ce ki ci gaba, da baki ko ba da baki ba?

"Gatarin a hannuna yake, Madam."

"Ba abin da na tambaye ki ke nan ba."

"Shi ne amsar. Ko duk garin ne suka ce in ci gaba, ni na ji itacen ya yi shiru. Su ba su ji ba."

Na rubuta. Rubutuna bai karkace ba, na duba daga baya.

Sai Madam Rawda ta juyo. Ta ce Si Lutfi yana kusa ranar, ko yana da abin da zai ƙara. Sirin tana kallon hannuwanta. Ta daina motsi gaba ɗaya, kamar lokacin da ta kara kunne a jikin itacen.

Na ce a tsarin kwamiti sakatare ba ya ba da shaida.

Haka tsarin yake. Kowa zai iya dubawa.

Alhamis, 3 ga Agusta, da rana

Wajdi zai tafi Fotugal. Ubansa ya yanka raguna, an aiko wa ofis da cinya. Yaron ya zo da kansa ya gaishe ni, ya tambaye ni ko a can ma Faransanci suke yi.

Sirin za ta karɓi takardarta, da jan kunne a rubuce. Si Mundir ya ce an yi mata sassauci, ya nemi in isar wa iyali da fatan alherinsa. Takardar tana ba ta damar zama jami'ar gandun daji, ko mai kula da barewa, ko mai rainon dashe.

Asabar, 5 ga Agusta, da hantsi

Makaranta ba kowa ranar Asabar, shi ya sa na je ɗauko wani littafi. Tana ƙofa da bokitinta, tana shafa wa raunukan yumɓu da tafin hannu, tana ɗaure su da tsohon buhu. Ta gaishe ni yadda ta saba. Na ce aikin banza take yi, ko ba haka ba. Ta ce na gefe biyun za su rayu. Ta tsakiya ba ta sani ba, sai an ga ruwan farko.

Na ce mata akwai wasu guraben, na san mutane, zan rubuta wasiƙu. Ta ce to. Na ce abin da ta yi ranar Talata, ba lallai ne ta yi shi saboda ni ba, ban roƙe ta ba.

Ta ci gaba da shafa yumɓun.

"Ba don kai na yi ba, Kawu. Tun shekarar farko ake gaya mana, in kana gaban itace ba ka kallon 'yan kallo. Ni na kalla. Laifina ke nan, shi na faɗa."

Na ce to ai shi ke nan, mun yi daidai, ko na yi magana ba abin da zai canja.

"Wataƙila," in ji ta. "Na dai tsaya in ji ko za ka yi."

Ta nemi in miƙo mata buhun da ke kusa da ƙafata. Na miƙa mata. Ta ce innarta ta ce in na ga dama in zo ranar Juma'a, in ban ga dama ba kada a ɓata kuskus.

Ta iya magana. A danginmu ta gado.

Na dawo gida ban ɗauko littafin ba.

Litinin, 7 ga Agusta, da safe

An sare ta tsakiya tun kafin a buɗe ofis. Jibi iyaye za su kawo 'ya'yansu masu neman shiga, Si Mundir ba ya son su fara da ganin ta. Madam Rawda ta ce da an bar ta zuwa ruwan farko. Ba a tambaye ta ba. Motar uban Wajdi ce ta kwashe gungumen, buhunan suna ɗaure a jiki.

Si Mundir yana son sakin layi biyu kafin azahar, a kan sabunta harabar makaranta. Na rubuta masa uku. Bai sami abin gyarawa ba.